Yadda na auna sabuwar ƙaramar amfilifayar jita kafin in taɓa aljihuna

A watannin ƙarshe na shekarar 2024 kamfanin Boss, wanda reshe ne na kamfanin Roland na ƙasar Japan, ya fitar da wata ƙaramar amfilifayar jita, wato akwati mai lasifika da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi, mai suna Katana-Mini X. Wadda nake kiɗa da ita yayarta ce, wato Katana-Mini, wadda kamfanin ya fitar tun 2017, saboda haka labarin ya shafe ni kai tsaye, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce ko in sayar da tsohuwar in cika kuɗi in ɗauko sabuwar, ko kuwa in ci gaba da abin da ke hannuna. Ga mazaunin Turai ko Amurka wannan ƙaramar shawara ce, domin idan ya saya bai ji daɗinta ba yana iya mayar wa mai shago a ba shi kuɗinsa. Ga mazaunin Kano kuwa, inda irin wannan kaya sai an yi odarsa daga Legas ko an roƙi matafiyi ya riƙo, kuma in ya iso to ya iso ke nan, dole ne a gama tunani kafin kuɗi su bar hannu.

Ya kamata in fara da bayyana irin kiɗan da nake yi, domin ba a sanin kyan amfilifaya ko muninta sai an san aikin da za a sa ta. Na koyi jita a hannun wani dattijo mutumin Agadas da ya daɗe yana zaune a unguwarmu, kuma salon da ya koya mini shi ne na Abzinawa, wanda ya bazu a Nijar da Mali ta hanyar kaset tun shekarun 1980, kuma makaɗa irin su marigayi Abdallah Oumbadougou da Bombino suka kai shi kunnen duniya. A wannan salo babban yatsa ba ya hutawa, yana bugun tsirkiya mai kauri a kai a kai don ta riƙe gindin kiɗan, yayin da sauran yatsu ke zagaya karin waƙar a kan siraran tsirkiyoyi. Sautin da ake nema shi ne mai tsabta da ɗan kaifi, wanda kowane bugu ke fita daban ba tare da ya cakuɗe da na kusa da shi ba. Kiɗa ba sana'ata ba ce. Da rana ina wurin aiki, da yamma ina koya wa wasu matasa a zauren gidanmu, wani lokaci kuma akan gayyace mu ƙaramar walima ko zaman abokai a tsakar gida.

A takarda bambancin na'urorin biyu a fili yake. Tsohuwar tana da ƙarfin wat 7 da lasifika mai faɗin inci 4, jikinta na roba ne, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma tana aiki da batir AA guda 6 ko da adafta da ake saye daban. Launin sautinta uku ne, akwai mai tsabta, akwai mai ɗan kaushi, akwai kuma mai gurnani sosai irin na makaɗan Turai masu kiɗa mai nauyi, sannan tana da amsa-kuwwa guda ɗaya. Sabuwar tana da wat 10 da lasifika mai inci 5 a cikin akwatin katako, launin sautinta ya kai 6, kayan ƙawata sauti sun kai 10, an saka mata na'urar saita tsirkiya da Bluetooth na sauraron kiɗa daga wayar hannu, kuma batirinta na caji ne, a cikinta yake, ana cika shi ta USB-C, kamfanin ya ce yana iya kai awa 10. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ji cewa tsohuwar ta zama baya, kuma ni ma haka na ji da farko.

Matakin farko da na ɗauka shi ne na ajiye jerin kamfanin gefe, na ɗauki biro na rubuta abubuwan da ke damuna a kiɗana na yau da kullum, ba tare da duba ko sabuwar na'urar tana da maganinsu ba. Abin da ya fito bai yi yawa ba. Kuɗin batir yana cin aljihuna. Bugun babban yatsa yana fita siriri, ba shi da nauyin da nake ji a kaset ɗin da na koya da su. Sannan, wanda ya fi ci mini rai, duk lokacin da muka fita tsakar gida aka fara tafi kuma mai ganga ya shigo, jitar takan ɓace, sai dai a ga yatsuna suna motsi. Daga nan ma'aunina ya zama waɗannan abubuwa, duk wani ƙari da bai taɓa ɗaya daga cikinsu ba na ɗauke shi a matsayin ado.

Na fara da maganar ƙara, domin ita ce ta fi saurin ruɗar mai saye. Mutum yana ganin 10 a madadin 7 sai ya ɗauka ƙarar ta ƙaru da kusan rabi, alhali kunnen ɗan Adam ba haka yake lissafi ba. Ana auna ƙara da desibel, kuma idan aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ake samu, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an samu kusan desibel 10, wato sai an ninka ƙarfin wat sau goma. Tashi daga wat 7 zuwa wat 10 yana ba da kimanin desibel ɗaya da rabi, abin da da ƙyar za a lura da shi idan ba a jera na'urorin biyu wuri ɗaya ba. Ga kuma matsalar fili: a cikin zaure bango da rufi suna dawo da sauti suna taimakon ƙaramar lasifika, amma a tsakar gida babu abin da ke dawo da shi, kuma duk lokacin da nisan mai sauraro ya ninka, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Wanda ke zaune taku takwas daga gare ni ya riga ya yi asarar abin da ya ninka ribar sabuwar na'urar sau da yawa, idan aka kwatanta shi da wanda ke taku biyu. Tun kafin in ji ta da kunnena, lissafi ya nuna mini cewa babbar damuwata ba ta da magani a wurinta.

Maganar lasifika daban ce, kuma a nan sabuwar tana da hujja mai ƙarfi. Inci ɗaya ƙari yana kama da ƙaramin abu, amma abin da ke tura iska shi ne faɗin fuskar lasifikar gaba ɗaya, kuma fuskar mai inci 5 ta fi ta mai inci 4 da sama da rabi. Tsirkiyar jita mafi kauri, idan an saita ta yadda aka saba, tana kaɗawa kusan sau 82 a cikin sakan ɗaya, kuma irin wannan sauti na ƙasa yana bukatar a motsa iska mai yawa. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da shi yadda yake, sai dai ta fitar da sautukan sama da ke rakiyarsa, ƙwaƙwalwa kuma ta cike gurbin. Wannan ne dalilin da ya sa bugun babban yatsana ke fita ana gane shi amma ba a jin nauyinsa a ƙirji. Akwatin katako mai ɗan girma shi ma yana taimakawa, domin ba ya rawa da kansa kamar siririn roba, kuma yana ba iskar da ke bayan lasifikar wurin numfashi.

Kafin in nemi jin sabuwar, na gyara duk abin da ke gaban amfilifaya, domin kada in auna ta da jita marar lafiya. Na sauya tsirkiyoyi gaba ɗaya, saboda a garinmu gumi da ƙura suna kashe su da wuri, su yi tsatsa su daina ƙara, kuma matacciyar tsirkiya ba ta da amfilifayar da za ta raya ta. Na sauya kebul ɗin da ke haɗa jita da amfilifaya, wanda bakinsa ya fara sakewa yana ƙarar ƙas-ƙas idan na motsa. Na kuma sa aka fesa wa maɓallan murɗawa na jitar maganin wanke su, domin ƙurar hunturu tana shiga cikinsu ta zauna. Bayan wannan ɗan aiki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, tsohuwar amfilifayar ta dawo da wani kaifi da na manta tana da shi. Nauyin sautin ƙasa dai bai zo ba, kamar yadda na zata, domin wannan iyakar lasifikar ce.

Damar jin sabuwar ta samu ta hannun wani abokin kiɗa da ɗan'uwansa ya riƙo masa ita daga waje, ya kuma yarda ya kawo ta zaurenmu. Na shirya gwajin da kulawa, saboda akwai wata ɗabi'a ta kunne da masu harkar sauti suka sani: idan aka jera na'urori biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke cewa ta fi daɗi, ko da ba haka ba ne. Saboda haka na yi amfani da manhajar auna ƙara a wayata na daidaita su har suka zo ɗaya, na sa duka biyun a kan sauti mai tsabta, na kashe amsa-kuwwa da sauran kayan ado, na ɗora su a kan benci ɗaya. Na juya musu baya, ɗaya daga cikin ɗalibaina yana sauya kebul daga wannan zuwa waccan ba tare da ya faɗa mini ba, ni kuma ina maimaita kari guda.

Ban sha wahalar bambance su ba. Sabuwar ta fi cika, bugun babban yatsa ya samu gindin da nake nema, kuma siraran tsirkiyoyi sun fita ba tare da wannan ɗan tsinin da ƙaramar lasifika ke yi idan an matsa mata ba. Na faɗi haka a gaban kowa, domin gaskiya ce, kuma na ji daɗin kiɗan a wannan yammaci fiye da yadda na saba. Na'urar saita tsirkiya da ke jikinta abu ne mai amfani ga mai koyarwa, saboda rabin lokacin darasin sabon ɗalibi a wurin saiti yake tafiya. Bluetooth ɗin ma ya burge matasan, sun jona waya sun sa kiɗan ganga suna bi, ko da yake tsohuwar ma tana karɓar waya ta ƙaramin kebul. Abin da na yaba ƙwarai shi ne komai a fuskar na'urar yake, ana murɗawa da hannu. Akwai wasu ƙananan amfilifayoyi, irin su Spark Mini ta kamfanin Positive Grid da ta fito a 2022, ita ma mai wat 10, waɗanda yawancin sautukansu sai ta manhajar waya ake kai wa gare su, kuma ni ba na son kiɗana ya rataya a kan cajin wayata. Kayan ƙawata sautin kuwa, da sautuka masu gurnani, na zagaya su na dawo, domin a salonmu ɗan amsa-kuwwa ya wadatar, sauran suna rufe tsabtar da ake wahalar samu.

Daga nan muka fitar da su tsakar gida, na sa matasan suka yi tafi kamar yadda ake yi a walima, ɗaya kuma ya buga ganga. Duka biyun suka nutse. Sabuwar ta ɗan fi jurewa kafin sautinta ya fara fashewa, amma wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kusan abu ɗaya yake ji, wato tafi da ganga, da jita can a ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne batir, domin a nan ne rayuwarmu ta bambanta da ta waɗanda aka ƙera na'urar dominsu. A kallon farko batir na caji alheri ne tsantsa ga wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta. Tsohuwar tana cin batir 6 a lokaci guda, kamfanin ya ƙiyasta kusan awa 7 idan na alkalin ne masu kyau, kuma waɗannan suna da tsada. Masu araha da ake sayarwa a kan tebur an yi su ne don tocila da rediyo, ba sa jure na'urar da ke jan wuta da ƙarfi, suna mutuwa da wuri, in kuma aka bar su a ciki sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen mazauninsu. Adafta ma tana da nata sharaɗin: ƙananan kayan Boss irin tsohuwar tawa suna amfani da bolt 9, kuma tsarin bakin adaftarsu kishiyar na yawancin adaftocin kasuwa ne, wato tsakiyar bakin ita ce ɓangaren ragi, wanda a jikin batir ake yi wa alamar (−), saboda haka wanda ya jona kowace adafta da ya samu yana iya ƙona na'urarsa. Adafta marar inganci kuma tana shigo da wani zuuu a cikin sauti, musamman idan wutar janareta ce. Idan aka dubi duk wannan, na'urar da za a cika ta da fawabank ko ƙaramin sola, ta yi awanni tana aiki ba tare da ta taɓa wutar gari ba, abin so ce.

Sai dai batirin litiyam yana da shekarun da aka ɗibar masa. Yana raguwa da yawan caji, kuma abin da ya fi saurin tsufar da shi shi ne zafi, musamman idan an bar shi cike a wuri mai zafi. A Kano watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka, kuma babu wanda ke cikinmu da bai taɓa ganin batirin waya ya kumbura har ya ɗaga murfi ba. Amfilifaya ba waya ba ce da ake sauyawa bayan shekara biyu ko uku. Abu ne da ake saye a riƙe shekara goma ko fiye, kuma a gidajen makaɗa har yanzu akwai Micro Cube na kamfanin Roland, wadda ta fito a 2004, tana aiki da batir AA kamar ranar farko. Batirin AA idan ya mutu ana jefar da shi a sa wani, kuma babu ƙauyen da ba a sayar da shi. Wanda aka gina a cikin na'ura kuwa ba a yi shi don mai ita ya riƙa cirewa yana musanyawa ba.

Na kai wannan damuwa wurin wani mai gyara da na daɗe da sani, wanda yawancin aikinsa amfilifayoyin masallatai ne da lasifikokin masu talla. Na nuna masa hotunan na'urar da bayananta, ina ta ba shi labarin sautinta, sai ya katse ni ya ce, «Malam, ni ba sautinta nake tambaya ba. Ran da batirin ya gaji, ina za ka samo irinsa?» Ya bayyana mini cewa a kullum ana kawo masa fitilu da lasifikoki masu caji waɗanda komai nasu lafiya lau sai batir. Idan batirin irin wanda ya cika kasuwa ne, yakan buɗe ya sauya cikin sauƙi. Idan kuwa kamfani ya haɗa nasa na musamman, da siffarsa da allon kariyarsa, to sai an yi odarsa, ko a yi dabarar da shi kansa ba ya son sa hannunsa a kai, domin litiyam da aka haɗa ba daidai ba yana iya kama wuta. Bai ce na'urar ba ta da kyau ba, bai ma taɓa ganinta ba. Ya dai ce in sa kuɗin wannan rana a cikin lissafina tun yanzu, kuma na ga hujjarsa.

A wurinsa ne kuma na samu maganin damuwata ta farko ba tare da sabuwar amfilifaya ba. Akwai batir AA na caji, irin wanda ake rubuta wa NiMH, wanda ake iya cikawa sau ɗaruruwa, kuma masu ingancinsa suna riƙe caji watanni ko an ajiye su. Kowane ɗaya bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, amma yana riƙe ƙarfinsa daidai har kusan ƙarshe, kuma tsohuwar amfilifayar tana aiki da shi. Idan mutum ya sayi jeri biyu, ɗaya yana cikin na'ura ɗaya yana kan caja, ya samu kusan duk amfanin batir na ciki, ga kuma 'yancin sauya su ranar da suka gaji. Akwai ma cajar da ke karɓar wuta ta USB, wadda ƙaramin sola ke iya ciyarwa.

Sannan na zo kan kuɗi, kuma a nan ban daɗe ba domin lissafin gajere ne. Farashin sabuwar a Amurka lokacin fitowarta kimanin dala 150 ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin 2024, wato na'urar ta haura naira 225,000 tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, saboda haka ana maganar fiye da albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Tsohuwar kuma ba za ta kawo kuɗi mai yawa ba idan na sayar, domin masu neman ƙaramar amfilifayar jita a garinmu ba su da yawa, kuma mafi yawansu ɗalibai ne marasa ƙarfi.

Kafin in rufe maganar na kira maigidana, dattijon da ya koya mini jita, a Agadas, inda ya koma da zama, domin ba na yanke shawarar da ta shafi jita ba tare da ya ji ba. Bayan gaisuwa na kwashe komai na faɗa masa, tun daga inci har zuwa batir. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, «Ɗana, a ɗaki kake son ka ji kanka, ko a fili kake son mutane su ji ka?» Ya tuna mini cewa a bukukuwan Agadas a fili ake kiɗa, mutane sun yi da'ira, ana tafi ana guɗa, kuma babu makaɗin da ke shiga irin wannan wuri da akwatin da ake ɗauka da yatsa biyu. Ra'ayinsa shi ne ƙaramar amfilifaya ta koyo ce, kuma wadda nake da ita ta isa koyo, in kuwa ina son fita, to in nemi abin fita. Ya kuma ƙara da cewa nauyin bugun babban yatsa rabinsa a yatsan yake, kuma ɗalibin da ya iya fitar da shi a ƙaramar lasifika ba zai ji tsoron babba ba. A wannan na ƙarshe ban bi shi gaba ɗaya ba, domin na ji bambancin da kunnena kuma na san ba yatsa ne ya kawo shi ba, amma tambayarsa ta farko ta raba mini abubuwa biyu da nake ta haɗawa.

Bukatuna biyu ne, kuma sabuwar na'urar tana tsakaninsu. Ta fi abin da zaure ke bukata kaɗan, ta kuma gaza abin da tsakar gida ke bukata da nisa. Idan na saye ta zan samu sauti mafi daɗi a darasin yamma, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurina, amma ranar walima ta gaba zan tsaya a inda nake tsaye yau, kuɗin da zan nemi magani da su kuma sun tafi. Abin da ke iya fita fili da batir yana nan, kuma ba sabo ba ne: Cube Street EX ta kamfanin Roland, wadda ta fito a 2014, tana da wat 50 da manyan lasifikoki biyu masu inci 8, tana da wurin jona makirufo, tana aiki da batir AA guda 8, kuma ana iya rage ƙarfinta zuwa wat 25 ko 10 don batir ya daɗe. Daga wat 7 zuwa 50 ana samun sama da desibel 8, ban da abin da girman lasifikokin zai ƙara, kuma wannan bambanci ne da wanda ke bakin ƙofa zai ji. Tsadarta ta ninka ta Katana-Mini X sau da yawa, sabuwarta ta fi ƙarfina, amma tun da ta daɗe a kasuwa ana samun ta hannu.

Saboda haka ban sayi sabuwar ba. Na sayi batir na caji jeri biyu da caja, na ɗora tsohuwar a kan ɗan akwati a kusurwar zaure, inda bangon biyu ke ƙara mata ɗan kaurin sauti, muka ci gaba da darasi. Ɗaya daga cikin ɗalibaina, wanda ba shi da amfilifaya ko ɗaya kuma a ɗakinsa kawai yake kiɗa, ya tambaye ni wadda zai saya idan ya tara kuɗi, na ce masa ya ɗauki sabuwar ba tare da shakka ba, domin shi ba musanya zai yi ba, farawa zai yi, kuma lasifikar da na'urar saitin sun cancanci ƙarin kuɗin. Na dai gargaɗe shi kada ya bar ta a mota ko a ɗaki mai zafi da rana, kada kuma ya ajiye ta cike da caji na tsawon lokaci. Ni kuwa kuɗin da na ware na zuba su a adashen wurin aikinmu, na kuma yi magana da wani mai shagon kayan kiɗa a Sabon Gari cewa idan babbar ta shigo masa ta hannu ya kira ni, bisa sharaɗin zan zo da jitata da batirina, mu fitar da ita waje in ji ta a fili kafin a yi ciniki.